Na Sa wa Ƙanena Hannu a Rancen Mota, Yanzu Banki Ya Hana Mu Rancen Gida

Assalamu alaikum Anti. Ina cikin damuwar da na kasa faɗa wa kowa. Shekara uku da suka wuce ƙanena ya nemi rancen sayen mota, banki ya ce sai da wanda zai sa hannu tare da shi, ni kuma na sa saboda Mama ta roƙe ni. Ko tuƙa motar ban taɓa yi ba. A watan jiya ni da maigidana muka nemi rancen gida aka hana mu, wai makin bashina, wato lambar da banki ke auna yadda mutum ke biyan bashi da ita, ya yi ƙasa. Da na matsa wa ma'aikacin bankin, sai ya ce akwai makarar biya ta wata uku a rancen motar, da kuma wani katin bashi da ni ban san da zamansa ba. Maigidana bai san na sa wa ƙanena hannu ba, ce masa na yi kuskuren kwamfuta ne. Ni dai ban taɓa makara a biyan nawa ba. Yanzu wani kamfani ya ce in na biya shi zai wanke mini suna cikin wata guda. In biya su? Kuma ina so in rufe katunan bashina biyu in huta da bashi baki ɗaya. Ki ba ni shawara. Ƙanwarki mai neman mafita.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki ba kamfanin nan ko sisi, kuma kada ki rufe katunan, aƙalla ba yanzu ba. Na fara da waɗannan biyun ne don kada ki aikata su kafin ki kai ƙarshen amsar.

Abu biyu ne a wasiƙarki, kin haɗa su wuri ɗaya kin kira su faɗuwar maki. Katin da ba ki sani ba, idan har ba naki ba ne, ƙarya aka rubuta a kanki, kuma ana goge ƙarya daga rahoton bashi ba tare da kin biya kowa ba. Rancen motar kuwa gaskiya ce mai ɗaci: kin sa hannu, an makara, an rubuta. Babu mai iya goge miki wannan. Abin da ake yi masa shi ne a tsayar da ɓarnar, a biya, a jira. Kowanne da hanyarsa, kuma duk mai cewa zai warkar da su duka cikin wata guda aljihunki yake hange.

Bari mu fara da abin da bankin ya duba. Duk wanda ya ba ki rance ko katin bashi yana aika labarinki, yawanci sau ɗaya a wata, ga kamfanonin da sana'arsu ita ce tara tarihin masu cin bashi. A Amurka da Ingila manyan su uku ne: Equifax, Experian da TransUnion. A Jamus Schufa ke wannan aiki, a Indiya an fi sanin CIBIL, a Najeriya akwai CRC da FirstCentral da CreditRegistry. Sana'ar ta daɗe. Equifax ya samo asali tun 1899 a birnin Atlanta, lokacin da ake rubuta wa 'yan kasuwa sunayen masu cika alkawari da na masu taurin bashi. Abin da suke tarawa a kanki shi ne rahoton bashi: sunanki da adireshinki, kowane rance da ranar da aka buɗe shi, nawa aka ba ki, nawa ya rage, ko kin biya a kan lokaci wata bayan wata, da kuma jerin waɗanda suka nemi ganin rahoton.

Maki kuwa lissafi ne da kwamfuta ke cirowa daga rahoton nan a ranar da aka nema. Zan yi miki misali da na kamfanin FICO na Amurka, wanda ya fito a 1989, domin shi ne aka fi bayyana yadda ake haɗa shi, kuma na sauran ƙasashe a kan irin wannan tunani suke tafiya ko da alƙalumansu sun bambanta. Yana tashi daga 300 zuwa 850. Ƙasa da 580 ana kallonsa mai rauni, daga 670 an shiga mai kyau, daga 800 kuwa an kai ƙololuwa. Tambaya ɗaya tak yake ƙoƙarin amsawa: yaya yiwuwar wannan mutum ya makara da biya har kwana 90 cikin shekara biyu masu zuwa? Kashi 35 cikin 100 na lissafin tarihin biya ne. Kashi 30 yawan abin da ake bin ki ne, musamman idan aka gwada shi da iyakar da aka ba ki a kati. Kashi 15 daɗewar tarihinki, kashi 10 sababbin basussukan da kika nema, kashi 10 kuma ire-iren basussukan da kika taɓa riƙewa. Albashinki ba ya ciki, ajiyarki a banki ba ta ciki, haka addininki ko aurenki. Lissafin bai san cewa Mama ce ta roƙe ki ba, bai kuma san ba ke ke tuƙa motar ba. Ya ga sunanki a kan rancen da aka yi wata uku ba a biya ba, a sashen da ya fi kowane nauyi.

Kuma ba maki ɗaya gare ki ba. FICO kansa yana da samfura da yawa, ga kuma VantageScore da kamfanonin nan uku suka ƙirƙira tare a 2006, sannan rahoton da ke wajen wannan kamfani ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, tunda ba kowane mai ba da rance ke kai labari ga dukkansu ba. Shi ya sa lambar da manhajar waya ke nuna wa mutum takan saɓa da wadda banki ya gani. Na ga mutane suna leƙa lambar nan safe da yamma, ta hau maki uku su yi murna, ta sauka huɗu su kasa cin abinci, alhali ko sau ɗaya ba su taɓa karanta rahoton da ake ciro ta daga cikinsa ba. Aikinki a kan rahoton yake. Ranar da ya gyaru, lambar za ta biyo shi.

Saboda haka abu na farko, ki daina dogaro da abin da ma'aikaci ya faɗa miki da baki. Ki nemi dalilin hana ku rancen a rubuce, da sunan kamfanin da aka karɓo rahoton daga wajensa. A Amurka dokar adalcin rahoton bashi ta 1970 ta wajabta wa banki ya faɗi sunan, kuma wanda aka hana yana da kwana 60 ya karɓi kwafi kyauta. Ko ba a hana mutum komai ba, dokar 2003 ta ba shi rahoto kyauta sau ɗaya a shekara daga kowane kamfani, yanzu ma har kowane mako ana samu ta shafin AnnualCreditReport.com. Dokar bashi ta Afirka ta Kudu ta 2005 da ta Najeriya ta 2017 su ma sun ba da kwafi ɗaya kyauta a shekara, a Ingila kuma ba a biyan komai don ganin rahoton da doka ta tanada. Ki karɓo na kowane kamfani da ke aiki a ƙasar da kike, kada ki tsaya a ɗaya. Duba rahoton kanki ba ya rage maki ko guda, ko sau nawa kika duba.

Idan ya zo, ki zauna da biro ki bi shi layi-layi, ki fara daga sama inda mutane ke tsallakewa: yadda aka rubuta sunanki, ranar haihuwa, lambar shaida, tsofaffin adireshi. Kuskure a rahoto ba baƙon abu ba ne. Wani bincike da hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga rahotanninsa, kuma biyar cikin ɗari kuskuren nasu ya kai ya sa a tsauwala musu kuɗin ruwa.

Katin da ba ki sani ba yana iya zama ɗayan uku. Mai yiwuwa naki ne da kika manta, domin katin da aka karɓa a kanti yakan bayyana da sunan bankin da ke bayansa, ko kuma wani banki ya saye wani suna ya canza. Mai yiwuwa an cakuɗa bayananki da na wata mai suna irin naki. Wannan ya fi samun masu sunan da jama'a da yawa ke amsawa, da masu sunan da ake rubutawa iri-iri, yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhammed, ko matar da ta sauya suna bayan aure. Na uku shi ne wani ya yi amfani da bayananki ya buɗe katin. Ranar da aka buɗe shi da adireshin da aka aika shi za su nuna miki wanne ne. Idan adireshin na wani gari ne da ba ki taɓa zama ba, cakuɗa ce ko ɓarawon nesa. A 2017 an kutsa cikin kwamfutocin Equifax an kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147, don haka ba sai mutum ya yi sakaci ake sace bayanansa ba.

Akwai abin da ba ki rubuta ba amma na san ya ɗarsu a ranki, tunda ni ma ya ɗarsu a nawa. Wanda kika sa wa hannu ya ga takardunki duka a ranar. Yakan faru ɗan gida ya buɗe kati da sunan ɗan'uwansa, yana ce wa kansa zai biya kafin a gane. Amma kada ki furta wannan zargi ga kowa, har da Mama, sai kin ga adireshi da kwanan wata da idonki. Zargin da aka yi wa ɗan'uwa bisa kuskure ba ya janyuwa. Idan kuma takarda ta nuna shi ne, to a nan za ki tsaya ki zaɓa da kanki: ki kai rahoton sata, wanda zai wanke ki ya jefa shi cikin matsala da hukuma, ko ki amince bashin ya zauna a sunanki ki tilasta masa biya. Ba zan zaɓar miki ba. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ki rufa masa asiri kuma a goge miki katin, domin bankin zai tambayi wanda ya ci kuɗin.

Idan kin tabbatar ba naki ba ne, ki rubuta ƙorafi ga kamfanin da ya fitar da rahoton, ki aika irinsa ga bankin da ya ba da katin. Ki taƙaita: ga lambar asusun, ba ni na buɗe shi ba, ga shaidar ko ni wace ce da inda nake zaune a lokacin, ina neman a cire shi. Kwafin takardu za ki aika, na ainihi su zauna a hannunki, ki kuma adana shaidar ranar da kika aika. A Amurka kamfanin yana da kwana 30 ya bincika, wani lokaci har 45, kuma abin da bankin ya kasa tabbatarwa dole a cire shi. A Ingila kwana 28 ne za su ba ki amsa. Inda aka tabbatar sata ce kika kai takardar rahoton satar, dokar Amurka ta ce a toshe bayanin cikin kwanakin aiki huɗu. Kada ki biya komai a kan katin nan don kawai masu karɓar bashi su daina kiranki, domin biyan yana kama da amsa cewa naki ne. Sannan in ana yi a ƙasarku, ki sa a kulle rahotonki ta yadda ba mai buɗe sabon bashi da sunanki sai kin buɗe da kanki. A Amurka tun watan Satumba na 2018 kullewa da buɗewar duk kyauta ne. Idan suka ƙi gyarawa kuma kina da gaskiya, ki kai ƙara ga hukumar da ke sa ido a kan bankuna ko mai kare haƙƙin masu hulɗa da su.

Abin da na zayyana miki yanzu shi ne duk abin da kamfanin nan mai cewa zai wanke miki suna zai iya yi miki ta halal, kuma kin ga bai wuce wasiƙa ba. Dabarar da yawansu ita ce su aika ƙorafi a kan komai da komai, na gaskiya da na ƙarya, da fatan wani banki zai yi jinkirin amsawa a cire abin. Sai a nuna miki maki ya hau, ki biya, bayan wata biyu bankin ya tabbatar da bashin a mayar da shi inda yake. Miyagun cikinsu har sabuwar lambar shaida suke sayar wa mutum su ce ya fara sabon tarihi, wanda laifi ne da ke kai mai amfani da lambar gaban alƙali. Dokar Amurka ta 1996 ta haramta wa irin waɗannan kamfanoni karɓar kuɗi kafin su gama aiki. Wanda ya ce ki fara biya ya riga ya faɗa miki ko shi wane ne.

Yanzu ga babbar maganar. Kin ce ke ba ki taɓa makara a biyan naki ba. Ƙanwata, a idon banki rancen motar nan naki ne, dukansa, ba rabi ba. Ranar da suka ce sai da wanda zai sa hannu, cewa suka yi ba su yarda da ƙanenki shi kaɗai ba, da ke suka yarda. Ki nemo takardar yarjejeniyar ki karanta matsayinki. A wasu, mai tsaya wa wani ba a waiwayarsa sai ainihin mai bashin ya gaza, a wasu kuwa ku biyun daidai kuke tun ranar farko, kuma tunda makarar ta hau rahotonki, alama ta nuna naki na biyun ne. Ki duba takardun motar ma. Sau da yawa mai sa hannu sunansa yana kan bashi amma ba ya kan mota, wato nauyin yana kansa, mallakar tana wajen wani.

Makara ba ta shiga rahoto sai ta kai kwana 30, daga nan a rubuta 60, a rubuta 90, kowace ta fi ta baya muni. Kina kan 90 ke nan, ko kin wuce. Idan aka bari ta ci gaba, bankin zai ɗauke motar ya yi gwanjonta, kuma gwanjo ba kasafai yake kawo kuɗin da zai rufe bashin ba. Ragowar za ta biyo ki, a miƙa ta ga masu karɓar bashi, kowane mataki kuma sabon tabo ne a rahoto. Don haka gobe ki kira bankin da kanki. Kina da haƙƙin tambaya tunda sunanki na kan takarda. Ki ji nawa ne ya taru har da tarar makara, ki sa su riƙa turo miki saƙo duk wata ko an biya ko ba a biya ba, abin da ya kamata a yi tun ranar sa hannu. Sannan, in kina da hali, ki biya abin da ya taru.

Na san wannan ba zai yi miki daɗi ba, ki zuba kuɗi a motar da ko kujerarta ba ki ɗana ba. Amma ki yi lissafi da sanyin kai. Rancen gida ana biyansa shekara 20 ko 30, kuma ɗan ƙarin kuɗin ruwan da ake ɗora wa mai raunin maki, idan aka tara shi tsawon waɗannan shekaru, yakan ninka biyan wata uku na mota sau da dama. Kanki za ki ceta, ƙanenki ya ci albarkacinki ne kawai. Ki rubuta abin da kika biya, shi ma ya sa hannu cewa kina bin sa, a gaban wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa.

Kafin nan ki zauna da shi ku biyu, ba a gaban Mama ba, ki tambaye shi me ya faru. Wanda ya rasa aiki ya ji kunyar faɗa daban yake da wanda ke da kuɗin ya kashe su a wani wuri. Idan na farkon ne, bankuna da yawa suna da tsarin sassauci ga wanda ya zo da kansa ya yi bayani, su ɗage biya ko su rage na wata-wata su tsawaita lokaci. Ku nema tare, kuma ku tambaya yadda za a rubuta sassaucin a rahoto kafin ku amince. Idan na biyun ne, to kin san da wa kike hulɗa.

Hanyoyin fita daga rancen uku ne. Ya nemi sabon rance da sunansa kaɗai ya biya wannan, wanda da wuya ya samu yanzu tunda makinsa ma ya faɗi. Ko bankin ya sauke ki bayan an yi watanni ana biya a kan lokaci, idan yarjejeniyar ta tanadi haka. Ko a sayar da motar a biya bashin. Ni a ganina, in dai bai nuna miki hanyar samun da za ta ɗauki biyan kowane wata ba, a sayar. Sayarwa da kanku ta fi gwanjon banki kawo kuɗi nesa ba kusa ba, ko da za ku ɗan cika. Mama za ta ce ki yi haƙuri ƙanenki ne. Ki je mata da takardar hana rancen a hannu, ki faɗa mata cikin ladabi cewa haƙurin da kika yi shekara uku ya kai ga an hana ku rancen gidan da jikokinta za su zauna. Iyaye sukan roƙi a taimaki ƙarami ne don ba su ga abin da babba ke asara ba, kuma ba su gani don babban ba ya faɗa.

Idan motar za ta zauna, to biyan ya riƙa fita daga asusunsa kai tsaye, ke kuma kina gani. Wannan yana da amfani na biyu. Ban da maki, bankin gida yana gwada abin da kike biya duk wata da abin da kike samu, kuma zai lissafa kuɗin motar nan a kanki. Wasu masu ba da rancen gida a Amurka sukan cire shi daga lissafin idan aka nuna musu shaidar wata 12 cewa wani ne ke biya daga asusunsa ba tare da makara ba.

Biyan abin da ya taru ba zai share makarar ba. A Amurka tana zama shekara bakwai daga lokacin da aka fara makarar, a Ingila shida. Sai dai nauyinta yana raguwa tun kafin ta fita, domin lissafin ya fi kula da abin da ya faru kwanan nan, kuma ma'aikacin da ke duba takardun rancen gida yana bambanta bashin da aka makara aka gyara da wanda har yanzu yake buɗe. Kina iya rubuta wa bankin motar ki roƙi alfarmar su cire makarar, ki bayyana cewa ba a sanar da ke ba kuma kin biya da zarar kin ji. Ba dole ba ne su yarda, amma ba ki asarar komai sai takarda. Akwai kuma damar ƙara ɗan bayani a jikin rahoton, kalma 100 a Amurka, 200 a Ingila. Kwamfuta ba ta karanta shi, mutum ne kawai zai gani.

Katunanki biyu su ne shaidar da ke gefenki yanzu, shi ya sa na ce kada ki rufe. A ce kowanne iyakarsa dubu 5, jimla dubu 10, ana bin ki dubu 2 a ɗaya. Kin yi amfani da kashi 20 ke nan. Ki rufe wanda babu komai a kansa, iyakarki ta koma dubu 5, bashin nan dai na dubu 2 ya zama kashi 40, maki ya sauka ba tare da kin ci ƙarin ko sisi ba. Ana yawan cewa kada a wuce kashi 30, amma masu maki mafi tsayi yawanci ƙasa da kashi 10 suke. Daɗin wannan sashe shi ne ba ya riƙe abu a rai: a yawancin samfuran lissafin, da zarar kin rage bashin katin kuma bankin ya aika sabon labari, makin zai motsa a watan. Bankuna sukan aika abin da ke kan katin a ranar da suka rufe lissafin wata, don haka ki biya kafin ranar. Kada kuma wani ya ruɗe ki cewa sai kin bar ragowar bashi ana ɗora masa kuɗin ruwa maki ke hawa. Ki sayi ɗan abu da katin, ki biya duka kafin wa'adi, ba ruwa ko kaɗan, tarihin kuma yana ginuwa. In kin ga katin yana jan ki ga kashe abin da ba ki da shi, ki ajiye shi a gida. Bayan kun samu gidan, ki rufe wanda ya fi sabunta in kina so.

Saura maigidanki. Ki faɗa masa a makon nan. Aure ba ya haɗa rahoton mata da miji, kowa da nasa, amma duk ranar da kuka nemi rance tare za a buɗe na kowa, kuma rancen motar zai fito a naki. Gara ya ji daga bakinki da ya ji daga bakin ma'aikacin banki kina zaune kusa da shi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma taimakon ɗan'uwa ba abin kunya ba ne. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne maganar kuskuren kwamfuta, don haka da ita za ki fara: ki ce kin ji tsoro kin faɗi abin da ba haka ba, ga yadda abin yake, ga abin da kika riga kika fara yi a kai. Ki bar shi ya yi fushinsa, kada ki cika shi da kare kai. Akwai shawarar da sai da shi za a yanke, domin yana iya neman rancen da sunansa shi kaɗai idan rahotonsa lafiya lau ne. Sai dai a nan samunsa kaɗai za a lissafa, abin da za a ba ku zai ragu, kuma dole ku yi magana a fili kan sunan wa zai hau takardar gidan idan kuɗinki ma za su shiga.

Idan kun zaɓi ku jira ku nema tare, kada ku yi ta zagaya bankuna a yanzu kuna gwada sa'a. A Amurka kowace nema tana barin alama a rahoto har shekara biyu, kuma ko da yake guda ɗaya ba ta cika rage fiye da maki biyar ba, tarin su a bayan makara yana nuna mutum a matse yake. Ku bari sakamakon ƙorafin katin ya fito, a samu aƙalla wata shida zuwa shekara ana biyan motar a kan lokaci ko an rabu da ita, sannan ki sake karɓo rahotannin wata biyu ko uku kafin ku nema, don in da sauran gyara a yi shi tun da wuri. Ranar da kuka tashi, ku tambayi bankunan da kuke so duka cikin mako biyu. Lissafin yana ɗaukar neman rancen gida da aka yi kusa da juna a matsayin nema ɗaya.